Hutunka Ya Ƙare

Laraba, 3 ga wata, ƙarfe 6:40 na yamma

Na sayi littafin nan ne don in zana tsarin gyara, akwati da kibiya, yadda aka koya mana a makaranta. Ga shi shafin farko zai tafi a surutu.

Yau wata mata ta shigo ɗakin kati na asibiti da waya a hannu. Ina wurin, don tun da kamfaninmu ya gama musu manhajar kula da marasa lafiya nake zuwa sau biyu a sati in ga ko tana tafiya daidai. Matar ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ajiye wayar a gaban babbar nas ta ce, "Sista, karanta mini wannan, ko idona ne."

Ni kam na san abin da ke ciki tun kafin a karanta, ai ni na rubuta shi. Hutunka ya ƙare. Muna jiranka jibi da ƙarfe tara na safe. Kada ka makara.

Wayar mijinta ce. Wata huɗu ke nan da binne shi.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko kaina zai daina juyawa. Asibitin na masu doguwar jinya ne. Ana ɗaura wa mutum ruwan magani zagaye-zagaye, in ya gama zagaye likita ya ba shi hutun kwana casa'in, sannan ya dawo. Da can tsohon da ke riƙe da katunan, wanda kowa ke kira Mai Kati, shi yake rubuta komai da biro. Da muka kwashe katunansa muka zuba a kwamfuta, duk inda muka ga "ya huta" ko "ta huta" sai muka ce hutun magani ne. Manhaja ta ƙirga kwana casa'in, ta aika wa mutum saƙo ya dawo. Ashe wasu ba irin wannan hutun suka yi ba.

Babbar nas ta raka matar har bakin ƙofa, ta dawo ta tsaya a kaina ta ce, "Ke, kun yi wa asibiti manhaja ba ku bar wa mutuwa wuri ba?"

Gurbi uku na yi: yana zuwa, yana hutu, an sallame shi.

Alhamis, 4 ga wata, ƙarfe 1:15 na rana

An yi taro a ofis. Oga Gobe ya zo da sabon turare da tsohuwar maganarsa. Mu muka laƙaba masa sunan, don ko gada aka ce ya gina zai ce a zo a karɓa gobe da safe. Ya ce ƙaramin abu ne, Dogo ya kashe saƙonnin kawai. Dogo, wanda muka rubuta manhajar tare, ya dube ni, na dubi tebur.

Ba za a iya kashe su su kaɗai ba. Makunni ɗaya ne da saƙonnin asibitin gaba ɗaya, haka muka dunƙule su don sauri. Kuma ko da za a ware na masu hutu, a cikinsu akwai masu rai da ke zaune a gida suna jiran wannan saƙon, tun da an daina ba su takardar ranar dawowa. Wanda ya tsallake zagayensa, ciwon ba ya jiransa.

Kati ɗari uku da arba'in ne ke da kalmar. Ranar da aka kunna saƙonni, sittin da ɗaya suka fita lokaci guda, daga nan kullum biyu ko uku, ƙarfe takwas na safe daidai. Ba mu san su waye a cikinsu za su iya zuwa ba.

Oga ya ce to a buga wa kowace lamba waya a tambaya. Na ce masa ya gwada ta farko da bakinsa mu ji yadda ake faɗa. Ya gyara zaman agogonsa ya ce yana da wani taron.

Alhamis, ƙarfe 7:30 na yamma

Wayar Baba tana kan ƙaramin teburin falo, kusa da kujerarsa. Mama ce ke sa ta a caji kullum da safe, ta goge gilashin da gefen zaninta, ta mayar inda take. Ba wanda ke kira. Ni ma ban taɓa ce mata don me ba.

Lambar katinsa 2217. Na ƙirga daga ranar nan, na sake ƙirgawa da yatsa a kan kalanda kamar 'yar aji biyu. Kwana casa'in zai cika Talata, 23 ga wata. Saura kwana goma sha tara.

Aikin minti ɗaya ne. In buɗe katin, in goge lambarsa in sa tawa, shi ke nan Mama ba za ta ga komai ba. Gobe zan yi.

Juma'a, 5 ga wata, ƙarfe 5:00 na yamma

Na rubuta 221 a wurin nema, sai aka kira ni.

Asabar, 6 ga wata, ƙarfe 10:20 na safe

Ba wanda ya kira ni jiya. Littafina ne, ban san wa nake yi wa ƙarya ba.

Kowa a ofis yana ɗora wa Oga laifin gaggawa, ni kuma ina gyaɗa kai ina jin daɗin samun inuwa. Gaskiyar magana ita ce wata uku asibiti suka ba mu, Oga ya ce wata biyu, ni na ce sati shida. Ni da bakina.

Ranar da muka fara zuwa duba ɗakin kati, Mai Kati ya ja mini kujera ya share ta da hannun rigarsa. Ya ce, "'Yata, ki ba ni kwana biyu kacal ki zauna kusa da ni, in nuna miki yadda katunan nan ke magana." Na yi dariya a raina, wai kati na magana. Na ce, "Malam, za mu zauna, bari dai mu fara ɗora harsashi." Na ɗauki hoton kati biyar da wayata na fita. A kan kati biyar na gina wa asibiti guda manhaja. Da aka ƙaddamar da ita aka yi wa tsohon godiya da agogon bango, aka ce ya je gida ya huta. Wallahi kalmar da suka faɗa masa ke nan.

Amma ina da dalilina, kuma dalilin yana zaune a benci na biyu daga taga. Baba yakan iso asibiti tun bakwai da rabi, da jakarsa da rediyonsa, ya yi awa huɗu ana neman katinsa a cikin kwalaye. In na zo ɗaukarsa sai in tarar ƙafafunsa sun kumbura, yana ba na kusa da shi labari suna dariya. Ya ce, "Injiniya, ke da kike sa kwamfuta magana, ba za ki sa ta nemo katin tsohonki ba?" Na ce masa kafin zagayensa na gaba zai zo a kira shi da lokaci kamar mai shiga jirgi. Don in tsokane shi ne na ƙara "kada ka makara" a ƙarshen saƙon, mutumin da ko wurin aski yakan riga mai askin zuwa.

Na gama a sati shida da kwana huɗu. Bai

Lahadi, 7 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

Saura goma sha shida. Sau biyu na ji kamar waya na rawa a kan tebur, na leƙo falo, ba komai.

Litinin, 8 ga wata, ƙarfe 7:10 na yamma

Mama ta yi shiru yau fiye da kullum. Shekara talatin ta yi tana koyarwa, har yanzu in na tura mata saƙo babu waƙafi sai ta mayar mini da shi a gyare. Tana ninke wanki ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Wannan na'urar taku ta asibiti, in ta aiko wa mutum saƙo ya ba ta amsa, wa ke karantawa?"

Na ce a ina ta ji labarin. Ta ce tambaya kawai ta yi. Maƙwabta ne, na sani, magana ta fara yawo, kuma matar gidan da ke kallonmu ba a barin ta a baya in dai labari ne.

Na ce, "Ba kowa, Mama. Ba a yi ta don ta ji amsa ba."

Ta ce, "To." Ta ci gaba da ninke wankinta.

Talata, 9 ga wata, ƙarfe 2:30 na rana

Dogo ya fara aikin gurbi na huɗu. Ashe wuri goma sha ɗaya za a taɓa, don ko'ina mun rubuta cewa hali uku ne mara lafiya zai iya shiga, babu na huɗu. Ka gyara nan, can ya ɓalle. Da na zauna da takarda da fensir na yini ɗaya tun farko, da layi ɗaya ne.

Ya tambaye ni sunan da za a sa wa gurbin. Na ce ya sa abin da ya ga dama. Ya ɗan yi wasa da murfin biro, sannan ya ce a hankali, "Shugaba, katin Baba fa? In kina so ni sai in…"

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce masa ya gama goma sha ɗayan da ke gabansa tukuna kafin ya shiga abin da ba a sa shi ba. Ya ce in yi haƙuri. Shi da ya yi mini alheri shi ne mai ba da haƙuri, haka na koma.

Saura goma sha huɗu. Akwai lokaci.

Laraba, 10 ga wata, ƙarfe 7:35 na safe

Zan fita na ga jakar asibitin Baba a kan kujerarsa. Mama ta fiddo ta daga ƙarƙashin gado, ta kakkaɓe ƙurar. Ita ma ta yi shirin fita, har da takalmi, amma tana zaune. Na ce ina zuwa? Ta ce ba ko'ina. Na makara, ban tsaya ja ba.

Laraba, ƙarfe 6:50 na yamma

Jakar ta koma. Wayar ma babu ita a tebur, cajar kawai ke lilo a jikin bango. Na tambaya, Mama ta ce ta adana ta.

Allah ya yafe mini, daɗi na ji. In wayar tana kashe a cikin akwati, ko ban yi komai ba saƙon ba zai same ta ba. Sai kuma na tuna cewa saƙo yakan jira, ranar da aka kunna waya ya faɗo. Ba abin da ya canza.

Juma'a, 12 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Na kamu da wata ɗabi'a. Ƙarfe takwas in zuba wa allo ido har adadin saƙonnin ya ƙaru, yau uku. Ƙarfe tara in leƙa ɗakin jira in ƙirga mutanen da ke benci, in gwada da waɗanda kwamfuta ta kira. Kullum akwai giɓi. Yau biyu ne ba su zo ba, kuma a benci na biyu aka bar wuri kamar na mutum biyu, ba wanda ya matsa ya cike shi. Na san rana ce ke dukan wurin shi ya sa ake gudunsa. Na sani, amma na daɗe a tsaye.

Wani dattijo ya zo da saƙon 'yarsa a waya. Ya zauna har tara ta wuce, ya tashi ya tafi. Babbar nas ce ta gane shi.

Oga Gobe ya kawo tasa dabarar ta waya: a ƙara "in kana nan" a farkon saƙon. In kana nan, hutunka ya ƙare. Dogo ya kifa kansa a tebur, kafaɗunsa na rawa, ban san dariya yake ko kuka ba. Na ce wa Oga layin ba ya da kyau, na kashe.

Babbar nas ta rubuta mini kwatancen gidan Mai Kati a bayan takardar magani. Ta ce, "Da ƙafarki za ki je, ba waya ba."

Asabar, 13 ga wata, ƙarfe 5:45 na yamma

Na same shi a tsakar gida yana gyara ƙafar kujera. Agogon bangon da aka ba shi yana jingine a lungu cikin kwalinsa, ko ledar ba a cire ba. Na shirya doguwar ban haƙuri tun a mota, amma da ya ɗago ya ce, "'Yata, kin zo kwana biyun ke nan?" sai duk ta zube.

Na faɗa masa komai. Bai katse ni ba, sai da na kai wurin matar nan mai waya ya rufe ido. Na ce, "Malam, don Allah me ya sa kake rubuta kalma ɗaya ga mai dawowa da wanda ba zai dawo ba?"

Ya ce, "Wa ya ce miki ɗaya ce?"

Ya ɗauki fensir ɗin da ke kunnensa ya rubuta a jikin katako, sau biyu, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Ya huta. Na duba na ce ai ɗaya ne. Ya ce in ƙara dubawa. Na sama babu komai a bayansa, na ƙasa akwai ɗigo.

"Wanda zai dawo, ina bar masa layi a buɗe, don akwai sauran rubutu. Wanda Allah ya karɓi abinsa, sai in rufe masa da ɗigo. Shekara ashirin da shida ina haka, kowace nas da ta tsufa a nan ta sani."

Na ce me ya hana ya rubuta kalmar sak, kowa ya gane? Ya ce, "Mutanen nan da ni suke gaisawa kafin su ga likita. Na san sunayen 'ya'yansu. Hannuna ba ya iya rubuta ta, 'yata. Ke naki yana iyawa?"

Ina tuna takardar umarnin da na ba masu shigar da bayanai, layi na huɗu, da hannuna: a cire duk wani ɗigo da waƙafi, suna rikita nema.

Ya ce zai zo Litinin, amma kada a aiko masa da mota, ya san hanya.

Litinin, 15 ga wata, ƙarfe 6:20 na yamma

Katunan suna sito a bayan ɗakin wanki, kwali tara, saura ƙiris a ƙone su. Mun shimfiɗa tabarma. Shi yana ɗaukowa yana kai kati kusa da taga, ya ce "buɗe" ko ya ce "rufe", ni ina dannawa a gurbin da Dogo ya gama jiya. Kullum da safe za mu fara da waɗanda saƙonsu zai fita washegari, sannan mu bi kwalaye da lamba.

Ba ya sauri. Kowane kati sai ya faɗi wani abu: wannan direba ne, wannan ita ce mai kawo wa nas-nas lemo, wannan bai taɓa zuwa ba tare da ƙanwarsa ba. Da farko ina duban agogo. Zuwa azahar na cire shi na sa a jaka.

Gobe ne karo na farko da ƙarfe takwas za ta yi ba a kira wanda ba ya nan ba.

Laraba, 17 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Kati ɗari da casa'in mun duba. Rufe saba'in da huɗu. Saura kwana shida.

Alhamis, 18 ga wata, ƙarfe 1:00 na rana

Yau ya nuna mini sauran maganar katunan. Kusurwar da aka lanƙwasa, mara lafiya ba ya ji sosai, a je kusa da shi a kira. Jan layi a ƙarƙashin lamba, wayar ta maƙwabci ce, kada a faɗi ciwon. Ƙaramin gicciye a baya, mutum bai san abin da ke damunsa ba, iyalinsa ne suka sani. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a manhajata. Na cika shafi goma sha biyu daga bayan littafin nan, akwati da kibiya, abin da na saye shi dominsa. Wata huɗu da suka wuce ya kamata in yi wannan zaman.

Mun shiga kwali na bakwai, daga 2100. Da muka kusa, na ce zan je in sha ruwa. Na dawo mun ci gaba daga 2230, amma na ga gefen kati a aljihun rigarsa.

Juma'a, 19 ga wata, ƙarfe 3:40 na yamma

Kamfanin da ke tura mana saƙonni sun kira Dogo, wai akwatin amsoshinmu ya kusa cika. Ya ce wane akwati? Ashe duk amsar da mutane suka mayar tana taruwa a wani wuri da ba mu taɓa buɗewa ba, don ba wanda ya yi tunanin za a amsa.

Mun buɗe tare. Yawanci "to" ne da "na gode" da "zan zo". A tsakaninsu kuma akwai sauran. Wani ya rubuta, ku ji tsoron Allah. Wata ta rubuta, wace ce wannan, don Allah ku kira ni, sau bakwai a rana ɗaya. Wani ya ce, Mamana ba ta makara ba, ku ne kuka makara. Wani kuma lambar kabari kawai ya turo.

Na karanta goma sha biyar na ce wa Dogo ya rufe. Har yanzu ina jin su kamar mutane ne tsaye a bayan ƙofa suna ƙwanƙwasawa a hankali, mu kuma muna ciki muna taro.

Lahadi, 21 ga wata, ƙarfe 9:00 na safe

Jibi. Kalmar ma yanzu ba na son ta.

Litinin, 22 ga wata, ƙarfe 12:10 na rana

Zan rubuta shi a jere yadda ya faru.

Na shiga sito da niyyar yau ko ana ha-maza-ha-mata sai na yi. Na fitar da jerin waɗanda saƙonsu zai fita gobe. Mutum biyu ne, babu 2217. Na ce Dogo ne, ya yi a ɓoye duk da tsawar da na yi masa, har na fara shirya godiya. Na kira shi, ya rantse bai taɓa ba.

Mai Kati ya zaro katin daga aljihunsa ya miƙo mini. Rubutunsa ne, shuɗin biro: ya huta, babu ɗigo. Ya ce, "Ranar da labari ya zo mini na rubuta, da na zo wurin rufewa biron ya tsaya. Shekara biyu muna jin labaran rana a rediyonsa tare. Na ce bari in bar wa masu shi."

Sai idona ya kai kan kwanan watan da ke gefe. Ba ranar nan ba ce. Ranar zuwansa asibiti na ƙarshe ce, sati biyu da kwana ɗaya kafin ta, don sauran kwanakin a gida ya yi su. Manhaja daga kwanan watan kati take ƙirgawa. Ni na rubuta wannan dokar, ni kuma na yi kwana goma sha takwas ina ƙirga daga inda zuciyata ta tsaya.

Na buɗe katin a kwamfuta. Bai ɗauki ko minti ɗayan ba. An aika: Litinin, 8 ga wata, ƙarfe 8:00.

Ranar da take ninke wanki.

Na shiga akwatin amsoshi na sa lambar Baba. Amsa ɗaya ce, Laraba, 10 ga wata, ƙarfe tara da minti huɗu. Ta zauna da jakarsa har lokacin da aka ba shi ya cika, sannan ta rubuta, bayan na gaya mata da bakina cewa ba mai karantawa.

Ba zai samu zuwa ba. Ya rasu. Bai taɓa makara ba. Matarsa.

Kowace jimla da ɗigonta.

Ban san tsawon lokacin da na yi a kan tabarmar nan ba. Mai Kati bai ba ni haƙuri ba, ya dai ajiye bironsa kusa da gwiwata ya fita waje ya ja ƙofa.

Litinin, ƙarfe 7:20 na yamma

Na tarar da ita tana yankan farce a bakin ƙofar kicin. Na durƙusa na ce, "Mama, na karanta."

Ta ajiye abin yankan. Ta ce, "Kin ce ba mai karantawa."

Na ce me ya sa ba ta gaya mini ba, kwana goma sha huɗu muna cin abinci a faranti ɗaya. Ta ce, "Ina kallonki kina zagaya teburin nan kamar mai tsoron taka wuta. In gaya miki ki yi yaya? Da na ga saƙon na san rubutunki ne, wa zai ce masa kada ya makara in ba ke ba. Sai da na yi dariya tukuna, sannan na yi ɗayan."

Na ce ni na jawo, da na tsaya na saurari tsohon nan kwana biyu da duk wannan bai faru ba. Ba ta ce a'a ba, Mama ba ta iya irin wannan lallashin ba. Ta ce, "Haka ne. Sauran mutanen fa, kin ba su amsa?"

Na ce ban ba su ba. Ta ce gobe in fara, ɗaya bayan ɗaya, da sunana a ƙasa, kuma in kawo mata ta duba kafin in tura.

Na yi kukan da ban yi ba ranar nan. Ta bar ni na gama, sannan ta ce in tashi in wanke fuska, shayi ya huce.

Talata, 23 ga wata, ƙarfe 8:00 na safe

Saƙo biyu sun fita, dukansu masu shi za su zo jibi. Katin yana gabana, biron Mai Kati yana hannuna, na sa ɗigon.

Baba ya rasu.